Kun lissafo lambobin yabon Fidler, kun bar abin da ya gano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na makon jiya a kan Isaiah Fidler, masanin binciken ciwon daji, ya ɓata mini rai ƙwarai. Kun cinye lokacin kuna lissafo mana lambobin yabon da ya samu da kujerun da ya hau, da irin yawan masanan da ke kafa hujja da rubuce-rubucensa, da cewa ya yi aiki a cibiyar MD Anderson da ke Houston a Amurka, da cewa ya rasu a 2020. To sai me? Wanda ke zaune a gefen gadon mai ciwon melanoma, wato ciwon dajin fata, me zai yi da wannan? Ainihin abin da mutumin ya gano, wanda shi ya sa ake ta ambatonsa, ko jimla uku ba ku ba shi ba.

Ba haka kawai nake wannan magana ba. Da wannan ciwon Yayata ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Wani baƙin tabo ne ya fito mata a tafin ƙafa, gefensa a karkace, muka ɗauka wani abu ta taka. Sai da ya fara tsagewa yana jini aka yi mata tiyata aka cire shi, wurin ya warke sumul. Can daga baya tari ya sa ta a gaba, aka ɗauki hoto, sai ga ciwon a huhu. Nan dangi suka rabu biyu. Wasu suka ce wuƙar likita ce ta tayar da shi ta watsa, wasu suka ce sakaci aka yi. Har yau akwai waɗanda ba sa ga-maciji da juna saboda wannan magana.

Amsar da muka rasa a lokacin tana cikin aikin mutumin da kuka yi wa shiri guda! A 1973 Fidler ya yi wa ɓeraye allurar ƙwayoyin melanoma ta jijiya, ya ɗebo waɗanda suka kafu a huhu ya raine su, ya sake zuba wa wasu ɓerayen, haka har zagaye goma. Ƙwayoyin zagayen ƙarshe sun fi na farko iya kama huhu nesa ba kusa ba. A 1977 shi da Margaret Kripke suka nuna a mujallar Science cewa ƙwayoyin ƙari guda ba halinsu ɗaya ba, tun farko akwai 'yan tsiraru a ciki masu iya yin ƙaura. Mafi yawan waɗanda suka faɗa jini mutuwa suke yi. Amma 'yan kaɗan ɗin nan suna iya ficewa tun kafin a kai ga tiyata, su laɓe ba hoton da zai gan su.

Kuma ba ko'ina suke kafuwa ba. A 1980 Fidler da Ian Hart suka dasa guntun huhu da guntun ƙoda a jikin ɓera. Ƙwayoyin sun isa duka biyun, amma a huhun suka tsiro, ƙodar ba su kama ta ba. Wannan ne ya farfaɗo da maganar da likitan Ingila Stephen Paget ya yi tun 1889, cewa iri ba ya tsirowa sai ya samu ƙasar da ta dace da shi. Da kun faɗi wannan kaɗai, da wani gidan ya daina zargin likita, da wata uwar ta daina gudun tiyata.

Haka kuma ba ku ko gaya wa mutane cewa a jikin baƙar fata ciwon ya fi fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce ba. Duk wanda ya saurare ku zai tashi da tunanin cewa wannan larurar Turawa ce.

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar mai gabatarwa. Mahaifiyarmu kunnenta ya yi nauyi, sai na riƙa maimaita mata abin da aka faɗa.

Ku maimaita shirin nan, ku gayyato likitan ciwon daji, ku ba shi lokaci ya yi bayani da Hausar da kowa zai gane.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum.