A Kafa Na'urorin Auna Ruwa a Kogin Haɗeja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga hukumomin da ke kula da kogin Haɗeja da madatsun ruwan Tiga da Challawa.

Duk shekara idan damina ta yi nisa, mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja kan kwana cikin fargaba, domin sau da yawa ba sa jin labarin ruwa sai ya shanye gonakin shinkafa. Alhali kuwa akwai ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana da ake maƙalawa a jikin gada ko bakin madatsa, suna auna tsayin ruwa, suna aika sakamakon ta layin waya dare da rana. Da za a jera irinsu daga Tiga zuwa Wudil har Haɗeja, da an san ruwa ya hau tun yana ƙasar Kano, kwanaki kafin ya isa ƙauyukan Jigawa, balle yanzu da ciyawar kachala ta toshe magudanai, ruwa na bin inda ba a zata ba.

Abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ya isa dalili. Sai dai dole a ware kuɗin gyaran na'urorin da na masu gadinsu, a kuma riƙa isar da bayanan ga dagatai da gidajen rediyo cikin harshen Hausa nan take.

Mai karatunku,
daga Haɗeja, Jihar Jigawa.