A gyara yadda ake tura hoton CT na kai

Zuwa ga Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin asibitocin da ke tura hoton CT na kai (hoton cikin ƙoƙon kai da na'ura ke ɗauka) ta intanet domin ƙwararren likitan hoto ya karanta daga nesa.

Babban kuskure shi ne ɗaukar allon na'ura da kyamarar waya a tura. Sai da cikakken fayil na DICOM, wato ainihin fayil ɗin da na'urar ke fitarwa, likitan zai iya sauya hasken hoton, ya duba ƙwaƙwalwa daban, ƙashi daban. Siririn jinin da ya kwanta jikin ƙoƙon kai fari yake fitowa, ƙashin ma fari, a hoton waya kuwa sai su saje.

A haɗa da bayani: shekarun majinyaci, lokacin da ciwon ya fara ko aka ji raunin, ɓangaren jikin da ya shanye, da ko yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Sanin lokacin na da muhimmanci, domin toshewar jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa kan ɓuya a hoton a awannin farko, kuma allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa 4 da rabi ake yinta.

Idan an ga jini, ko ƙwaƙwalwa ta goce daga tsakiya da milimita 5, a kira likitan majinyacin ta waya nan take, rahoto ya biyo baya.

Na gode,
Mai karatunku