Bulus da Yakubu ba faɗa suke yi ba

Malam Edita, barka da aiki. Ina cikin masu sauraron shirinku na rediyo na yammacin Lahadi, wanda kuka yi makon jiya kan ceto kam ya hana ni sakat, har muka kai dare ni da mai ɗakina muna musu a tsakar gida, shi ya sa na ce bari dai in rubuto.

Baƙin nan biyu da kuka kawo kowa ya kama aya ɗaya ya rungume ya ƙi saki. Na farko ya karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura 2 aya 8 da 9, cewa ta wurin alherin Allah aka cece mu ba ta ayyuka ba don kada wani ya yi fahariya, sai ya tsaya cak kamar an ɗauke wuta, alhali aya 10 tana nan manne da su tana cewa an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Shi kuma na biyu Yakubu 2:26 kawai yake ta maimaitawa, bangaskiya ba ayyuka matacciya ce, gaskiya ne, amma yadda ya yi maganar sai ka ɗauka aljanna shago ce ana biya da baikon majami'a da zakka. To ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23 wane aiki ya yi? Hannunsa ma a kafe suke.

Musun nan fa ba yau aka fara ba. Tun 1517 wani malamin coci mai suna Martin Luther ya tayar da shi a Jamus, har ya taɓa kiran wasiƙar Yakubu da wasiƙar ciyawa, wato marar nauyi, sai a 1999 a garin Augsburg Katolika da 'yan Lutheran suka sa hannu a takarda ɗaya cewa ceto kyauta ce ta alheri, kuma Ruhu Mai Tsarki shi ke sa mutum ayyuka nagari. Masu rigimar asali sun zauna sun daidaita, mu kuma nan muna ta ɗaga murya a rediyo.

Abin da ya fi damuna ma ba ilimin tauhidi ba ne. Akwai wani a majami'armu, ba zan kama suna ba, mai sayar da hatsi, mudunsa an bubbuga gindinsa kowa ya sani, in ka yi masa magana sai ya ce ai alheri ya rufe komai. Makwabtanmu musulmi suna gani, me za mu ce musu? Can kuma gwaggona da ta shekara arba'in a zumuntar mata, da ciwo ya kwantar da ita kuka take tana lissafin Lahadin da ta yi fashi, wai ko Allah zai karɓe ta. Shi an koya masa rabin magana, ita ma an koya mata ɗaya rabin, ni a nawa ganin mangwaro ba ya yin 'ya'ya don ya zama mangwaro, yana yi ne don shi mangwaro ne, in kuma shekara goma ba ko ɗa ɗaya to a duba saiwar.

Don Allah ku sake kiran su biyun, ku ba su awa guda ba minti ashirin ba, kowa ya karanta surar ɗan'uwansa daga farko har ƙarshe kafin a buɗe layin waya.

Naku,
mai sauraro daga Wusasa, Zariya