Duniyoyi Ba Daga Jikin Rana Suka Ɓalle Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida mu gyara wata magana da ta daɗe a bakin masu bayanin kimiyya da Hausa, wai Duniya da 'yan'uwanta gutsattsari ne da suka ɓalle daga jikin Rana suka huce. Maganar tana da asali, domin masana ne suka fara kawo ta, amma su da kansu suka ajiye ta fiye da shekara 80 da suka wuce. Abin da hujjoji suka tsaya a kai yau shi ne Rana da duniyoyinta tashi ɗaya suka yi, daga gajimare guda na iskar gas da ƙura.

Shekarun ma an auna su. A ranar 8 ga Fabrairu 1969 wani dutse ya faɗo daga sama kusa da Allende a Meziko. Idan aka fasa gutsirensa za a ga ɗigo-ɗigon fari a cikin baƙin dutsen, wasu kamar ƙwayar yashi, wasu sun kai kan yatsa, cike da sinadaran kalsiyam da alminiyam. Waɗannan su ne abu na farko da ya daskare sa'ad da gas ɗin ya fara hucewa. Da aka auna yawan yuraniyam da ya rikiɗe ya koma dalma a cikin irinsu, sai aka sami shekara miliyan 4,567. Daga nan ake fara ƙirga.

Tunanin gajimaren tsoho ne. Immanuel Kant na Jamus ya rubuta shi a 1755, Laplace na Faransa ya zo da nasa a 1796. Gajimare mai ɗan juyi ya rufta wa kansa saboda ƙarfin jan nauyi. Yana tsukewa yana ƙara saurin juyi, kamar mutum a kan kujera mai juyawa idan ya janyo hannuwansa jikinsa. Juyin ya hana gefe faɗawa tsakiya, sai abin ya baje ya zama faifai. Shi ya sa duniyoyin nan 8 suke kewaya Rana ta fuska ɗaya, kusan a shimfiɗe ɗaya.

To me ya sa aka taɓa guje wa wannan bayani mai kyau? Lissafi ne ya ƙi. Rana ita ke da kashi 99.86 cikin 100 na nauyin dukan tsarin, don haka kamata ya yi mafi yawan ƙarfin juyi ya taru a jikinta. Amma nata bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Mushtari, wato Jufita, shi kaɗai ya kwashe kusan kashi 60. Rana tana cin kimanin kwana 25 kafin ta juya sau ɗaya, alhali da za a tara mata juyin duniyoyin duka, cikin 'yan sa'o'i za ta gama. Wannan giɓi ne ya tura Chamberlin da Moulton na Amurka a 1905, da James Jeans na Ingila a 1917, suka ce wani tauraro ne ya gifta kusa da Rana ya fizgo abu daga jikinta. Nan ne tushen maganar da muke gyarawa. Henry Norris Russell ya nuna a 1935 cewa irin wannan fizga ba za ta jefa abu nesa har inda Mushtari yake da irin juyinsa ba. Lyman Spitzer kuma ya ƙarasa ta a 1939: gas ɗin da za a zaƙulo daga cikin Rana zafinsa ya yi yawa ƙwarai, watsewa zai yi cikin sarari tun kafin ya sami damar dunƙulewa.

Amsar giɓin ta fito daga maganaɗisu. Jaririyar Rana tana da ƙarfin maganaɗisu da ke riƙe da gas mai caji a kewayenta, ga kuma iskar da take fesowa. Waɗannan sun yi mata birki a hankali, suka kai juyin waje. Cikin faifan ma gogayya tana tura juyi gefe, abu kuma yana gangarawa tsakiya. Ana ganin shaidar haka a sama, domin taurari matasa sun fi tsofaffi irin Rana saurin juyi nesa ba kusa ba.

Wanda ya mayar da zancen ya zama lissafi mataki-mataki shi ne Viktor Safronov na Tarayyar Sobiyet, a littafinsa na 1969. Ƙura ta kwanta a tsakiyar faifai, ƙwayoyi suna mannuwa, su zama tsakuwa, su zama duwatsu masu faɗin kilomita, daga nan babba ya riƙa janyo ƙanana, yana girma yana ƙara ƙarfin ja. A nisan da ya kai kusan ninki 2.7 na tsakanin Duniya da Rana (wannan tsakani kilomita miliyan 150 ne) sanyi ya isa ruwa ya zama ƙanƙara. Ciki da wannan iyaka dutse da ƙarfe kaɗai ke daskarewa, kuma ba su da yawa, shi ya sa Duniya da Zuhura (wato Venus) da Mirrihi (wato Mars) suka tsaya ƙanana. Waje da ita ƙanƙara ta ƙaru a kan kayan gini. Dunƙulen da ya kai kusan nauyin Duniya 10 sai ya fara zuƙar haidirojin da hiliyam babu tsayawa. Ta haka Mushtari ya kai nauyin Duniya 318.

A nan ne muke so masu karatu su tsaya su duba, domin akwai wurin da wannan tsani ya karye. Gas ɗin faifai yana da matsi da ke ɗan tallafa masa, saboda haka yana kewaya Rana a hankali kaɗan fiye da dutse, bambancin 'yan gomomin mita a daƙiƙa. Ƙura mai laushi tana bin gas ɗin, ba ta jin komai. Dutse mai kilomita nauyinsa ya fi ƙarfin iskar. Amma mai faɗin mita guda yana tsaka-tsaki: kullum iska na dukansa ta gaba, yana rasa gudu yana zamewa ciki. Stuart Weidenschilling ya lissafa a 1977 cewa a nisan Duniya irin wannan dutse zai faɗa cikin Rana a kimanin shekara 100. Ga kuma wata matsalar: tsakuwoyi da suka kai santimita ba sa mannuwa idan sun yi karo, ko su yi tsalle su rabu ko su farfashe. Ga shi lokaci ba ya jira, domin gas ɗin faifai yana watsewa cikin shekara miliyan kaɗan, wanda bai zuƙa kafin nan ba ya rasa.

Mafitar da ta fi karɓuwa Andrew Youdin da Jeremy Goodman suka kawo ta a 2005. Idan tsakuwoyi suka yi cincirindo a wuri ɗaya, suna jan gas ɗin wurin tare da su, iskar gaba ta ragu, sai su daina zamewa. Na bayansu da ke gangarowa su riske su, taron ya ƙara kauri, har nauyinsa ya rufta shi gaba ɗaya ya zama jiki mai faɗin kilomita gomomi zuwa ɗari. Wato ba a bi ta kan mita guda ba sam, tsallake ta aka yi. A ranar 1 ga Janairu 2019 kumbon New Horizons ya wuce kusa da Arrokoth, can bayan duniyar Neftun: jiki ne mai tsawon kilomita 36, dunƙule biyu manne da juna, babu alamar fashewa a mahaɗinsu. Haɗuwa ce ta sannu, irin wadda wannan lissafi ya nuna. Faifan kansa ma an gan shi: hoton da na'urar hangen nesa ta ALMA da ke ƙasar Cile ta ɗauka na tauraron HL Tauri a 2014 ya nuna zobba da ramuka a tsakaninsu.

Wani zato da ya faɗi shi ne cewa inda aka haifi duniya nan take zama. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata ƙatuwar duniyar gas tana kewaya tauraron 51 Pegasi cikin kwana 4 da 'yan sa'o'i, wurin da zafi ba zai bar irinta ta ginu ba. Dole ƙaura ta yi. Daga nan aka waiwayo gida. Nazariyyar Nis ta 2005, mai sunan birnin Faransa inda aka tsara ta, ta ce manyan duniyoyi huɗu sun fara a matse da juna, daga baya ja-in-ja da ragowar duwatsu ya tura Yuranus da Neftun waje.

Mirrihi kuwa har yanzu yana ba masu lissafi wuya. Idan aka sa kwamfuta ta gina duniyoyin dutse daga faifai mai kauri bai ɗaya, sai ta fitar da Mirrihi mai girma kusa da Duniya, alhali nauyinsa kashi 11 cikin 100 ne na nata, kuma duwatsun da ke tsakaninsa da Mushtari duk a haɗe ba su kai kashi 5 cikin 100 na nauyin Wata ba. Kevin Walsh da abokan aikinsa sun ce a 2011 Mushtari ne ya gangaro har nisan ninki 1.5 na tsakanin Duniya da Rana, ya share kayan ginin wurin, sannan Zuhal, wato Saturn, ya riske shi suka juya tare suka koma waje. Lissafin ya ba da ƙaramin Mirrihi, sai dai yana bukatar Zuhal ya iso a daidai lokaci, kuma wasu masana suna ganin tun farko wurin ne ba shi da kaya da yawa. A ganinmu wannan sashe ya kamata a riƙa rubuta shi da "ana hasashe", shekara miliyan 4,567 da faifan gas da ƙura kuwa a rubuta su kai tsaye.

Wassalam.