Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Mai Martaba Malam Ahmed Nuhu Bamalli lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, kukan manoma da makiyayan ƙasar Zazzau na kawo gabanka. Damina ta daina cika alkawari. Ruwa ya sauka a watan Mayu, a yi shuka, sai ya ɗauke mako biyu ko uku, masara ta ƙone tun tana ƙarama, talaka ya sake neman kuɗin iri. In ya dawo a Agusta kuma, kogunan Kubanni da Galma su cika su batse, su shafe gonakin fadama.

Ƙwari ma sun sami sarari. A 2016 tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, a shekarar kuma tsutsar masara ta ɓulla a Najeriya. Daga waje suka shigo, amma ɗumi na sa su hayayyafa da sauri. Da bazara kaji kan rage ƙwai, wasu su mutu saboda zafi, shanu su rame don ciyawa ta bushe da wuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne saran ɗorawa da kaɗanya. Iyayenmu ba sa sare su in suna sharar gona, sun san darajarsu. Ɗorawa kan yi fure da rani, lokacin da abincin ƙudan zuma ya yi ƙaranci, jemage ma a nan yake kiwo da dare, su ne ke sa ta yi 'ya'ya mu sami kalwar daddawa. Inuwarta na riƙe damshin ƙasa, dabba ta fake da rana. Yau buhunan gawayi ne jere a bakin titi, itacen da ya yi shekaru kafin ya fara haihuwa ana kayar da shi a wuni ɗaya. Ban zargi mai gawayi shi kaɗai ba, tsadar gas da kananzir ce ta mayar da matanmu kan murhu.

Ranka ya daɗe, magani na nan a ƙofar gida. Cibiyar binciken noma ta IAR tana Samaru tun 1922, ta fitar da irin masara na SAMMAZ da wake na SAMPEA, cikinsu akwai masu nuna da wuri da masu jure fari. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI kuma tana Shika. Amma manoma da yawa a Giwa da Soba ba su taɓa riƙe wannan iri a hannu ba.

Ina roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai su hana sare ɗorawa, kaɗanya da rimi a gonaki, su kuma riƙa gayyato malaman Samaru da Shika ƙauyuka kafin faɗuwar damina, a karanta wa jama'a hasashen ruwa na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da Hausa bayan sallar Juma'a.

Allah ya taimaki Sarki.

Naka mai biyayya,
Wani manomi daga Shika