Matasa masu ɗauke da HIV: ana auna jininsu, ba a tambayar abin da ke ransu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani ɓangare na rayuwar matasa masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV wanda ba kasafai ake taɓo shi ba, wato damuwar da ke cin su a rai. Ni malamar makarantar sakandare ce, kuma shekara 16 ke nan ina riƙon 'yar yayata, wadda aka haifa da wannan ƙwayar cuta, mahaifiyarta kuma Allah Ya yi mata rasuwa yarinyar tana da shekara huɗu. Ba zan ambaci sunanta ba, kuma sai da na nemi yardarta kafin in ɗauki alƙalami.

Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne suke ɗauke da HIV a Nijeriya. A cikinsu akwai yaran da suka samo ta daga iyayensu mata a lokacin da magani bai wadata ba, waɗanda a da ba a sa ran za su kai ko'ina, amma da ikon Allah da kuma maganin da ake bayarwa kyauta suka rayu, yau ga su samari da 'yanmata. Mun yi nasarar raya jikinsu, kuma wannan abin godiya ne, sai dai har yanzu ba mu waiwayi nauyin da suke ɗauke da shi a zuci ba.

Lokacin da yarinyar nan ta shiga makarantar kwana, ta ɓare takardar da ke jikin robar maganinta, ta cusa auduga a ciki don kada ƙwayoyin su yi ƙara idan ta taɓa akwatinta, sannan ta binne robar a ƙarƙashin ledar garin kwaki. Kullum sai ta jira an kashe fitila kafin ta lallaɓa bayan ɗakin kwana ta haɗiye maganin, wani lokacin ko ruwa babu. Ranar da yarinyar da ke gadon kusa da nata ta tambaye ta, "Wai ke wane irin ciwo ne da ke da kullum sai kin sha magani?", sai ta daina sha har tsawon mako uku, ni kuwa ban sani ba sai da aka auna jininta a hutu. Yarinya mai shekara 13 ce take ɗauke da sirrin da babba ma zai yi nishi a ƙarƙashinsa.

A waccan shekarar ce kuma ta fara munanan mafarkai, tana farkawa a firgice cikin gumi, da safe jiri yana ɗibarta, ta zama shiru-shiru, abincin ma sai an yi da gaske. Dangi suka rabu biyu. Kakarta ta ce iska ce, a nemi mai ruƙiyya, wani kawunta kuwa ya ce gado ne, ai wata gwaggonsu ma haka ta ƙare rayuwarta a ƙuryar ɗaki ba ta magana da kowa. Mun yi addu'a, kuma ba mu daina ba, amma maganar kawun nan ita ta fi yi mini ciwo, domin a bakin mutanenmu idan aka ce abu gado ne, to an rufe babinsa ke nan, babu sauran abin yi. A kan wannan kalma ta gado nake son masu karatu su tsaya tare da ni.

Ita kanta HIV ba gadonta ake yi ba kamar yadda ake gadon sikila. Ƙwayar cuta ce da take iya ratsawa daga uwa zuwa jariri a lokacin goyon ciki ko haihuwa ko shayarwa, kuma idan uwa tana shan magani yadda ya kamata, haɗarin yakan sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100. Amma kuma akwai gado a cikin labarin yarinyata, ta wata fuskar da babu wanda ya zata a gidanmu. Maganin da take sha a lokacin yana ɗauke da sinadarin efabirenz, wanda hanta ce take narkar da shi ta hanyar aikin wata ƙwayar gado da masana suke kira CYP2B6. Akwai wani nau'in wannan ƙwayar gado da ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka fiye da Turawa, kuma mai ɗauke da shi jikinsa yakan yi jinkirin fitar da maganin, sai ya taru a jini ya haddasa jiri da rashin barci da mafarkai masu ban tsoro, wani lokacin har da baƙin ciki mai tsanani. Ba a yi wa yarinyar gwajin ƙwayar gadon ba, amma wata likita mai haƙuri da ta zauna ta saurare mu ta yi zargin maganin, kuma da aka sauya mata zuwa mai ɗauke da dolutegrabir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a matsayin maganin farko a 2019, mafarkan sun tafi cikin 'yan makonni. Ga gado nan, ga kuma mafita, kuma mafitar ta samu ne saboda an yi tambaya.

Mafarkan sun tafi, amma baƙin cikin bai tafi gaba ɗaya ba, kuma a nan ne maganar kawun take da ɗan ƙamshin gaskiya. Nazarin da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa gado yana da hannu a kusan kashi 37 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa da ciwon damuwa, wanda ke nufin kaso mafi girma yana wajen abin da mutum ya gamu da shi a rayuwa. A 2003 wasu masu bincike da suka bi rayuwar ɗaruruwan matasa a garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan sun ba da rahoton cewa wani nau'in ƙwayar gado guda ɗaya yana sa wanda ya sha wahalar rayuwa ya fi saurin faɗawa ciwon damuwa. Maganar ta yi tashe ƙwarai, amma manyan binciken da suka biyo baya, ciki har da na 2019 da ya duba bayanan dubban ɗaruruwan mutane, ba su tabbatar da ita ba. Abin da masana suka fi amincewa da shi yanzu shi ne ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne suke taruwa, kowace da ɗan tasirinta ƙanƙane, su sa wani ya fi wani rauni. Saboda haka babu wani gwajin jini da zai ce wa yaro an rubuta masa ciwon damuwa kamar yadda gwaji yake nuna AA ko AS ko SS.

Abin da yake tura mai rauni cikin rami shi ne matsin da ba ya yankewa. Idan mutum ya firgita, jikinsa yakan saki wani sinadari mai suna kotisol domin ya shirya shi fuskantar haɗari, idan haɗarin ya wuce kuma sai jiki ya koma daidai. To yaya jikin yaron da haɗarinsa ba ya wucewa zai kasance? Ya rasa uwa, ana yawo da shi gidajen dangi, an ware masa kofinsa a wani gidan, kuma kowace safiya yana tashi da fargabar kada asirinsa ya tonu. Irin wannan zaman ɗar-ɗar na shekara da shekaru yana lalata barci da cin abinci da riƙe karatu, kuma sananne ne a wajen likitoci cewa mai ciwon damuwa ya fi yawan tsallake shan magani. Da zarar an tsallake, ƙwayar cutar ta sami sarari ta hayayyafa, sakamakon gwaji ya ɓaci, a yi wa yaro faɗa a asibiti, damuwarsa ta ƙaru.

Matsin kuma yana sauya kama ne yayin da yaro yake girma. A watan Janairun 2025, da aka ji a rediyo cewa gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, wanda shirin PEPFAR da ya daɗe yana ɗaukar nauyin magunguna yake cikinsa, na shigo ɗaki na tarar da ita ta zazzage ƙwayoyinta a kan tabarma tana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuma da manema suka fara sallama, tunaninta ya koma kan gwajin kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Ina goyon bayan gwajin, amma ina tambayar wanda zai zauna da budurwar da ta riga ta san sakamakonta tun tana da shekara 12, ya taya ta tunanin yadda za ta gaya wa saurayi, ya kuma fahimtar da dangin saurayin cewa wanda yake shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya saka wa abokin aurensa cutar.

A asibitin da muke zuwa, ana ɗora ta a sikeli, a ɗebi jini, a tambaye ta ko tana shan magani, ta ce e, a rubuta mata na wata uku. Ban ga laifin ma'aikatan ba, domin layin da ke bayanta ya kai bakin ƙofa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma 'yan ɗaruruwa ne kacal a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano da na Maiduguri ba za su ɗauke wannan kaya su kaɗai ba, balle ma sunansu kawai idan aka ambata wa matashi sai ya ce an mayar da shi mahaukaci. Amma ai ba sai da ƙwararren likita ake fara taimako ba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna hakan yana rage ciwon sosai. A nan gida ma, ƙungiyoyin matasa masu HIV na shirin OTZ (Operation Triple Zero), wanda ya faro daga Kenya da manufar kada a tsallake ranar asibiti, kada a tsallake magani, kada kuma a ga ƙwayar a jini, su ne wurin da na fara jin yarinyata ta yi dariya da ƙarfi bayan dogon lokaci, saboda kowa a ɗakin ya san abin da ke cikin jakar ɗan'uwansa.

Tun a watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ga kuma dokar 2014 da ta haramta nuna wa masu HIV wariya a wurin aiki da makaranta. Roƙona ga hukumar yaƙi da HIV ta ƙasa, wato NACA, da ma'aikatun lafiya na jihohinmu shi ne su sanya tambayar barci da cin abinci da baƙin ciki da tunanin cutar da kai a cikin takardar da ake cikewa duk ranar da matashi ya zo karɓar magani, su kuma horar da mutum ɗaya a kowane asibiti wanda zai san abin yi idan amsar ta zo da nauyi. Ma'aikatun ilimi kuma su tanadi amintaccen mutum ɗaya a kowace makarantar kwana, mai riƙe sirri, wanda yaro zai iya ajiye maganinsa a wurinsa ya sha da ruwa a cikin haske. Ranar asibitinmu ta gaba tana cikin watan gobe, kuma na yi niyyar kai wa shugabar sashen kwafin wannan wasiƙa da hannuna idan kun buga ta.

Na gode.

Wata malamar makaranta,
Kano.