Hannunka Na Dama

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta fara fita tsakar gida.

Ummi ce ta faɗa mini, kuma kada ka kuskura ka yi mata faɗa, ni na tsare ta da tambaya har ta fashe da kuka. Ta ce yatsu biyu na hannunka na dama, ƙaramin da na kusa da shi, sun fara mutuwa, ka tashi da safe ba ka jin su. Ta ce akwai wata ƙwaya da mai gangar ƙungiyar kiɗanku yake ba ka kafin ku hau dandamali. Tun daren Talata ban yi barcin kirki ba.

Barin karatun da ka yi, na haɗiye. Abin da kawunka ya faɗa a gaban jama'a ranar sunan nan, shi ma na haɗiye. Wannan kam ya tsaya mini a wuya.

Kana ganin tsoho mai carbi bai san kiɗan rok ba. To, ina ɗalibi a Zariya, kuɗin abincina nake tarawa in sayi faifan garmaho, kuma wanda ya fi tafiya da hankalina mai fiyano ne irinka, Keith Emerson. A 1970 suka kafa ƙungiyarsu shi da Greg Lake da Carl Palmer, a nan Ingila inda kake. Mutumin da ke soka wuƙaƙe a tsakanin maɓallan na'urar kiɗansa ta Hammond, mai kama da fiyano, don sautin ya tsaya, ya kayar da ita ta danne shi yana ci gaba da kaɗawa. A lokacin gani muke babu mai yatsu irin nasa a duniya. A 1993 jijiyar hannunsa na dama ta ba shi matsala har aka yi masa aiki. Ya koma kiɗa, amma hannun bai taɓa barinsa ya huta ba. A watan Maris na 2016, yana da shekara 71, ana shirin wasanninsa a Japan, ya kashe kansa a gidansa na Santa Monica a Amurka. Matar da suke tare ta ce fargabar kada hannun ya kunyata shi a gaban masu kallo tana cikin abin da ya dame shi. Ranar da na ji labarin a rediyo kana zaune kusa da ni kana cin gyaɗa, ban ce maka komai ba.

Yanzu ka gane dalilin da ya sa na kulle ƙaramin fiyanon Casio ɗin nan a sito? Ni na sayo maka shi daga Makka da hannuna, ni kuma na ƙwace shi, kuma har gobe ban ce na yi kuskure ba. Ba kiɗan na tsana ba. Na ga yadda kake manta abinci a kansa, na san irin wannan son ba ya barin mutum da komai in abin ya kuɓuce.

Na je na tambayi Dakta, maƙwabcinmu. Ya ce jijiyar da ke kula da waɗannan yatsu biyu ta gwiwar hannu take bi, ita ce wadda in ka buge ta kake jin kamar lantarki ya ja ka. In ta daɗe a matse, naman hannun kan fara ramewa, kuma ba kullum yake dawowa ba. Ƙwayar ba ta warkar da komai, bakin ciwon kawai take toshewa kai kuma ka ci gaba da yi masa lahani. Wai mai ganga ne likitanka! Haka na rene ka? Ka ga abin da tramol ya yi wa ɗan gidan Alhaji na bakin kasuwa, da kai aka riƙe shi ranar.

Kuma kada ka ce mini abokanka ba za su iya yi ba kai ba. Ian Stewart, mai fiyano, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kiɗan rok ta Rolling Stones. A 1963 manajansu ya cire shi daga jerin 'yan ƙungiya, wai siffarsa ba ta dace ba kuma mutum shida sun yi yawa. Lafiyarsa ƙalau, yatsunsa goma cif. Ya koma yana tuƙa musu mota yana ɗaukar kaya, yana kaɗa musu fiyano daga gefe har ya mutu a 1985. Balle kai, ranar da yatsun suka ƙi.

Na yi zafi, ka yi haƙuri. Hannun nan ni na fara riƙe shi, ranar da ungozoma ta miƙo mini kai, bai kai babban yatsana ba.

Ban ce ka dawo gida ba, ban ce ka bar fiyano ba. Ka ajiye wasannin watan nan, ka je ka ga likita na gaske, ka nuna masa ƙwayar da kwalinta. In kuɗin haya kake tsoro, filin nan na bayan gari yana nan, dama da sunanka na saya. Mahaifiyarka ba ta sani ba tukuna, kuma ba zan iya riƙe mata sirrin fiye da mako biyu ba, ka san ta.

Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Abin da likitan ya ce, daga bakinka nake son jin sa, ba daga bakin Ummi ba.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka lafiya.

Mahaifinka